Wanda Ya Isa Zuwa Kuza

Shekarar da aka yi ɗiban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos, Audi ɗan Rahamatu ko gashin baki bai fara ba. Dogarin da ya zo Mawashi daga Kankiya ya dubi kafaɗunsa kawai ya ce ya isa. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, babu mai tsaya masa, haka aka sa shi cikin ayari.

Ya dawo da kaka, ya rame, yana tari. Ya kuma dawo da abin da bai tafi da shi ba. A can, in sanyi ya hana su motsi, manyan lebura kan miƙa wa yara burkutu su ce zai ɗumama jiki.

A kan hanyar Yashe akwai 'yar unguwar Maguzawa, inda wata mata mai suna Tani ke dafa burkutu. Tun kakanni ƙa'idarsu ita ce ba a miƙa wa saurayi ƙoƙo sai ya yi aure ya sami gonar kansa. Samarin da suka dawo daga kuza suka ce wannan doka ba ta hau kansu ba. Aka yi ta gardama a gindin ɗorawa. Babba, dattijon unguwar, ya dage cewa wahala daban, hankali daban. Samarin suka ce sun binne 'yan'uwansu da hannunsu a kan dutsen Jos, wane hankali kuma ake jira. Kunya ta kama wasu dattawan, don a gabansu aka kwashi yaran ba su ce uffan ba. Daga ƙarshe aka yarda duk wanda ya je kuza a ba shi. Audi Musulmi ne, ba a ma yi shawarar da shi ba, amma tare aka haƙa ramin da shi, don haka abokansa suka matsa masa wuri.

Rahamatu ta san Tani, a wurinta Tani ke sayen daddawa ran kasuwar Kusada. Ta yafa mayafi da hantsi ta tafi, ta tsaya daga bakin danga saboda warin tsimi.

"Tani, ki yi mani rai," in ji ta. "Yaron nan ko azumi bai daɗe da fara cikawa ba."

Tani ta ajiye muciya. Ta ce nata ɗan ma yana cikinsu, kuma ita ce ta fara ƙi, aka fi ƙarfinta. "In na hana shi nan, gaba zai tahi. Can kuwa ba wanda ya san ɗanki ne, balle a rako shi gida."

Daga nan Rahamatu ta je wurin Sada mai unguwa. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce zai iya kai maganar Kankiya, amma ta sani bulala ce a gaban alƙali, kuma in an tashi wani ɗiban, sunan da dogarai suka riga suka sani shi suke fara kira. Ta ce a bar maganar. Malam Modibbo, malamin unguwarsu, ya yi mata rubutu. Audi ya karɓa da hannu biyu ya shanye, ya yi godiya, da la'asar ya kama hanyar Yashe.

Bai taɓa ɗaga mata murya ba. Yakan yi noma daidai ƙarfinsa, ya ɗebo mata ruwa. Ranar da ta zaunar da shi tana kuka, tana ce masa shi fa yaro ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce:

"Inna, ran da aka zo ɗaukata na yi ta jira wani ya faɗi haka."

Ba ta sake tayar da zancen ba. Kafin rani ya yi nisa, ƙannen waɗanda suka je kuza su ma sun fara zama a gefen tabarmar masu sha, suna cewa ai su za a ɗauka gaba. Babba ya daina fitowa gindin ɗorawa.

Rahamatu ta lura in Audi ya sha da yunwa tarin ya fi tasar masa. Sai ta koma dama fura da kauri, in ya fice bai ci komai ba ta kai wa Tani ta bakin danga, ta roƙe ta ta tabbata ya sha wannan tukuna.