Naman Hunturun Esenbek

Dokin da aka yanka a gidan Kunduz da shigowar hunturu shi ne naman da za su ci har ƙanƙara ta narke. Sai mijinta Esenbek ya je ya kwaso shirmen maƙwabcinsu Toktosun, wai ranar da dare ya fi tsawo a shekara, rana za ta yi saiti da cibiyar rukunin taurarin da duniyarmu ke ciki, shi ke nan duniya ta tashi. Da ranar ta zo, ya gayyato ƙauyen kakaf, ya ce a cinye naman kafin a busa ƙaho.

Aka ci, aka yi gyatsa. Kamar yadda aka saba, aka ƙunsa wa kowane baƙo kasonsa ya tafi da shi. Toktosun, da yake shi ne masani, cinya guda ya saɓa.

Gari ya waye garau. Rana ta fito daga bayan dutse kamar ba da ita ake ba. Kunduz ta leƙa ɗakin ajiya, ta tarar da ƙasusuwa, ta ja tsaki.

Esenbek ya sosa ƙeya. "Ƙila kuskuren lissafi aka yi, uwar yara."

"Zo, maigida, in nuna maka lissafi."

Ta jawo shi bakin katanga. Ga cinyar nan rataye a inuwar rufin Toktosun, an yanyanka ta tsaf, ta sha gishiri.

"Tun jiya da la'asar ya barbaɗa mata," in ji ta. "Duniyarka ce ta tashi. Tasa tana nan har bazara."