Makullin da Muka Ce Ya Ɓace

Motar Babanmu ta shekara biyu ba ta leƙa ƙofar gida ba. Tana nan ƙarƙashin rumfar kwano, tayoyin sun fara sacewa. Tun ranar da ya ɗauke ta da yanar idonsa ya je ya daki katangar makarantar bayan layinmu, saura minti goma a tashi yara, likita ya ce tuƙi ya ƙare. Baba ya ce ai likitan ne bai san tuƙi ba. Yayata, wadda take zaune da shi tun rasuwar mahaifiyarmu, ta ɗauke makullin ta ɓoye, muka haɗa baki muka ce ya ɓace a wurin hatsarin. Mun san in makullin nan ya koma hannunsa, fita zai yi.

Abin da ya rage masa shi ne rediyon motar. Kullum da safe zai lallaɓa ya shiga mazaunin direba, ya ja ƙofa, ya kunna labarai, hannu ɗaya a kan sitiyari. Rediyon ba ya neman makulli, don Baba da kansa ya ja masa wuta kai tsaye daga batir tun ina firamare. Ni kuma duk mako in cire batirin, in kai shagona in yi caji, in dawo da shi. Wayarin ɗin mota ne sana'ata, shekara ashirin da biyu, kuma bayana ya sani.

Da rediyon ya mutu, Yaya ta kira ni sau huɗu a wuni ɗaya.

"Na saya masa na hannu, ya ce muryar ba ɗaya ba ce. Kwana uku ke nan ba ya cin abin kirki. Don Allah ka zo, ni na gaji."

To ni ɗin hutawa nake yi? Amma na zo, ranar Asabar da yamma, bayan na wuni a ƙarƙashin motocin mutane. Na taho da wani rediyo na hannu-biyu mai abin murɗawa, don na san Baba ba zai yarda da mai dannawa ba.

Na zare tsohon, ƙaurin ƙuna ya bugi hancina, babu abin gyara a ciki. Sai na leƙa bayansa, na ji kaina ya sara. Duk wayoyin ja ne. Ta sifika ja, ta wuta ja, ta bodi da ake ɗaurewa a jikin mota ita ma ja. Baba ya taɓa sayen naɗi guda na jar waya, da shi ya yi ta faci shekara da shekaru. Ga kuma sheƙar ɓera a tsakiya, har da guntun tsummoki.

Yaya ta ajiye masa kujera a gefen ƙofar motar, ya zauna yana ba da umarni.

"Injiniya, ta sifikar hagu ita ce mai ƙulli biyu."

"Baba, duka masu ƙulli biyu ne."

"To ka buɗe idonka, kai da kake da shi."

Na kwanta rigingine, kaina a wajen birki, ƙafafuna a waje, ina bin su ɗaya bayan ɗaya da ƙwan gwaji. Gumi yana shiga min ido. Ramin ya yi wa sabon rediyon girma, sai da na yanko falle na cike gefe. Awa biyu na yi a haka, raina a ɓace, ba na son kowa ya yi min magana.

Irin wannan rediyon wayar wuta biyu gare shi. Mai ruwan ɗorawa tana zuwa batir, ja kuma tana zuwa makulli, don in an kashe mota rediyo ya mutu, kada ya shanye batir. Haka nake haɗawa kowace rana ta Allah, mota biyar, mota shida. Hannuna ne ya yi aikin, ni ban ma san na yi ba. Sabo turken wawa. Ina gamawa, kaina yana ƙasa, na ɗaga murya kamar ina shago.

"Yaya, miƙo min makullin in gwada."

Ita ma gajiya ta cinye ta. Ta baro wanki, ta shiga ɗaki, ta fito tana goge hannu a zani, makullin yana kaɗawa a yatsanta. Sai da ta iso gaban motar ta tsaya cak. Ni ma a lokacin na ji abin da na faɗa.

Baba ba ya gani sosai, amma ya shekara talatin yana jin ƙarar makullin nan a aljihunsa.

"Ashe an gan shi," ya ce.

Ya miƙo tafin hannunsa.

Na ce, "Baba, kuskure na yi. Minti biyar in mayar da shi kai tsaye yadda yake da, ba sai da makulli ba."

"A'a, bar shi. Naka shi ne daidai, nawa ne na ganganci. Rediyon mota da makulli ake kunna shi."

Hannun yana nan a miƙe. Yaya ta dube ni, idonta ya ciko, ta nuna min bayan layi, wajen makarantar, da haɓa. Kunya ta kama ni, haushin kaina ya kama ni, tsoro ma ya kama ni. Ban iya hana ubana abin da yake nasa yana miƙo hannu, kuma ban iya barin motar nan ta fita.

Na ce, "To bari in ɗaure wayoyin tukuna."

Na koma ƙarƙashin sitiyari. Wayar kik, wadda take tayar da inji, ba ta yi wuyar ganewa ba, ita Baba bai taɓa taɓawa ba. Na sa filaya, na yi tari don in rufe ƙarar, na datse ta. Na fito na karɓi makullin a hannun Yaya na sa masa a hannu.

Ya shiga ya zauna. Bai lalubi ramin makullin ba, sau ɗaya ya zura. Ya murɗa mataki ɗaya, fitilun gaban sitiyari suka kawo, rediyon ya kama magana tas, wata mata tana karanta labarai. Ya gyaɗa kai. Ya taka kulochi, ya girgiza giya, ya murɗa har ƙarshe.

Rediyon ya ɗauke. Injin bai ce uffan ba, ko ɗan ƙas ɗin da mataccen batir yake yi babu. Ya sake murɗawa, ya riƙe. Sannan ya saki, muryar matar ta dawo.

Ni ina tsaye da filaya a hannu, na rasa inda zan sa ta.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Bakin wayar da ka yanke, ka naɗe shi?"

Na ce, "Ban naɗe ba."

"To sunkuya ka naɗe. Duka biyun. Kada ta taɓa ƙarfe ta ƙone mana gida."

Ya ɗauke ƙafarsa daga kan kulochi, ya kawar da gwiwarsa gefe don in samu wurin shiga.