Waƙar Matar Direba

"Ba ita ba ce. Wuce," in ji Direba, idonsa a rufe.

Na danna, sai wayar ta tsaya cak. Fuskarta ta yi fari fat, ɗan zoben nan ya yi ta juyawa, can ta maido mu kan waƙar farko. Tun safe haka muke fama.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa. Ni aski nake yi. Shi kuwa babbar mota ya ja har ƙafafunsa suka ƙi, amma sunan Direba bai sake shi ba. Shekara da shekaru, duk waƙar da ta yi masa daɗi a hanya sai ya jefa ta cikin jeri guda a manhajar sauraron kiɗa, har suka kai dubbai. Yakan ce wasu sun tara gidaje, shi ya tara surutu.

Da asibiti suka sallamo shi, suka ce a koma gida a ci gaba da addu'a, abu ɗaya ya roƙa. Akwai wata waƙa da marigayiya matarsa ta saka a jerin da hannunta, ranar da ta raka shi doguwar tafiya, wadda ba su sake yin irinta ba. Bai san sunan waƙar ba, bai san mawaƙiyar ba. Ya ce dai tana can tsakiya, in ya ji zai gane.

Tsakiyar ce ta gagare mu. In ka ja jerin ƙasa, sai ya maƙale. In ka ce a gauraya, sai ya yi ta maimaita 'yan waƙoƙin sama. Wata rana rabinsu suka ɓace, washegari suka dawo. 'Yarsa, wadda ta baro aikinta don jinya, ta tuntuɓi masu manhajar, suka ce ta goge ta sake saukewa. Ta ƙi, tana tsoron kada komai ya tafi.

Na ce ya ɗan rera mana ko za mu samo ta wata hanyar. Ya buɗe baki, iska kawai ta fito. Ya yi murmushi.

"Maƙwabci, muryar ma ta daskare, irin wayar."

Kullum da hantsi nakan rufe shago in zo mu ci gaba. Wani lokaci barci ya ɗauke shi, mu bar kiɗan yana tafiya a hankali kusa da matashinsa.

Wata rana ina tsakiyar yi wa wani aski, bayan la'asar, na jiyo kukan 'yarsa ta bayan katanga. Na ajiye almakashi.

Bayan masu ta'aziyya sun watse na leƙa gidan. An jingine katifarsa a rana. Ita tana zaune a bakin gadon, wayar a cinyarta.

"Kawu," ta ce, "to in waƙar ta riga ta zo lokacin da yake barci fa? Mu ba mu san ta ba."

Na zauna a bakin ƙofa. Wata mace ta fara rerawa a wayar, muryarta siririya. Ba wanda ya motsa a cikinmu har ta kai ƙarshe.