Yaya da Kwamfutar Shagon Hoto

Mai hoto ta kai wata uku tana fama da kwamfutar shagonta, tsohuwa irin mai akwati a ƙarƙashin tebur. Idan ta kunna ta da safe, sai ta share shago, ta goge gilashin ƙofa, ta jera kujeru, sannan kwamfutar ta gama farkawa. Masu gyara biyu sun duba, kowanne ya ce a sayi sabuwa.

Wata Laraba yayanta ya biyo ta shagon. Shekara goma sha ɗaya ke nan da ciwo ya tafi da idanunsa. Ta san yana koyarwa a wata cibiyar makafi, amma ba ta taɓa tambayarsa me yake koyarwa ba. Ta zaunar da shi, ta jingine masa sandarsa, ta koma kan hotunan 'yan makaranta ɗari da ashirin da za a karɓa da la'asar.

Ta danna hoton farko. Shiru. Ta sake dannawa, ta ja tsaki.

"Auta, tun da na shigo fankar kwamfutar nan ba ta huta ba," in ji shi. "Me kika ɗora wa baiwar Allah?"

"Tsufa ne, Yaya. An ce ta gama yayi."

"Tashi in gani."

Suka yi dariya tare. Ta tashi don kada ya ji ba daɗi, ta kama hannunsa zuwa kujerarta, ta tura masa linzamin kwamfutar. Ya ture shi gefe. Ya shafa madannai har yatsunsa suka sami mazauni, ya danna uku a tare. Sai wata murya ta fito daga lasifika tana karanta abin da ke kan allo.

Ya ƙara mata sauri, ya sake ƙarawa, har kalmomin suka narke cikin juna. Mai hoto ta kasa tsintar ko ɗaya. Shi kuwa ya ɗan karkata kai yana gyaɗawa, kamar ana ba shi labarin gida. Tagogin da ba ta taɓa sanin suna cikin kwamfutarta ba suka yi ta buɗewa suna rufewa.

"Manhajoji ashirin da uku ne ke tashi tare da ita kullum," ya ce. "Wannan ta firinta ce, kina amfani da ita?"

"Ai firintar ta ƙone tun bara."

"To har yau kowace safiya sai an fita nemanta."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ba ya kashe kowacce sai ya tambaye ta. Huɗu suka rage. Ya tarar an saita kwamfutar a kan tattalin wuta, ya mai da ta kan cikakken ƙarfi. Ya kwashe tarkacen fayilolin da suka taru shekara da shekaru.

"An ce tagoginki suna da inuwa, kuma da rangwaɗa suke shigowa. Kina son abin?"

"Ban ma taɓa lura ba."

"Ni ma haka," ya ce, ya kashe su. "Amma na bar miki ƙananan hotunan da ke kan fayil. Su kam idonki na bukata."

Tana tsaye a bayansa, hannunta a bakinta. Wannan ne mutumin da a gida ake kawar da wuƙa idan ya shigo kicin, ita da kanta take hana shi zuba ruwan zafi. Ta dubi yatsunsa. Ba su yi kuskure ko sau ɗaya ba.

Ya kashe kwamfutar ya sake kunnawa. Kafin ta gyara tsayuwa, allo ya kawo. Fankar ta yi ƙasa da murya har ana jin agogon bango. Ta miƙa hannu ta kan kafaɗarsa ta danna hoto, fuskar wata yarinya mai giɓi ta cika allon nan take. Ta danna na biyu, na uku, na goma.

"Yaya," ta ce a hankali, "abin da kake koyarwa ke nan?"

"Shekara shida. Ɗalibaina sun fi ni sauri yanzu. Akwai wata dattijuwa da idan tana sauraro, ni kaina ba na kama abin da muryar ke faɗa."

Kunya da mamaki suka haɗu suka rufe ta.

Ya laluba sandarsa ya miƙe. "Ni fa hoto ya kawo ni. Katin aikina ya ƙare, suna son sabo."

Ta kai shi gaban farin labule, ta gyara masa wuyan riga, ta kunna fitilu biyun. Ta daɗe tana kallonsa ta cikin kyamara, fiye da yadda take yi wa kowa.

"Auta, ko ita ma kyamarar sai na duba ta?"

"A'a," ta ce. "Ɗago haɓa kaɗan, Malam."