Mai Wanki a Laburare

Da aka yi dogon hutu, laburaren gari ya shirya wa yara darasin haɗa sinadarai kowace Laraba. Mai wanki bai san da zancen ba sai da jikarsa ta ishe shi da naci. Shekararta tara, Aku yake ce mata saboda bakinta ba ya hutawa. Uwarta na wurin aiki, dole shi ya rufe shago ya rako ta.

Bai taɓa shiga ginin ba. Ya samu benci a bakin ɗakin yara ya zauna ƙarƙashin fanka. An ture kantocin littattafai gefe, an shimfiɗa leda a kan tebura, ga kofunan roba, lemon tsami, garin kurkum da ruwan sabulu. Malamar ɗalibar jami'a ce, sanye da farar rigar gwaji da ta yi mata yawa.

Ba a yi minti goma ba, Aku ta juya za ta yi surutu, gwiwar hannunta ta kifar da kofin ruwan kurkum a jikin malamar. Mai kula da laburaren ta tsoma tsumma a ruwan sabulu ta nufo ta.

"Kar ki sa sabulu," in ji mai wanki daga benci. "Ja zai koma."

Ta riga ta goga. Tabon rawaya ya rikiɗe ya yi jawur, yara suka yi caa a kai.

Malamar ta yi dariya. "Baba, ka riga ni faɗin darasin yau. Ina ka koya?"

"A baho, 'yata. Shekara talatin. Na biya rigar wani sau ɗaya, ban sake mantawa ba."

Ta miƙa masa rigar. Ya yanka lemon tsami ya matsa, jan ya koma rawaya a gaban idonsu. Ya ce sauran aikin na rana ne, a shanya ta kawai. Malamar ta bayyana wa yara cewa kurkum kamar ɗan rahoto yake: ya haɗu da dangin sabulu ya yi ja, ya haɗu da tsami ya koma yadda yake. Mai wanki ya kasa kunne fiye da yaran. Ya san abin yana faruwa, bai taɓa tunanin akwai dalili ba.

Da aka tashi ta roƙe shi ya zo mako mai zuwa ya nuna musu aikinsa. Ya ce shi bai yi boko ba. Aku ta ce, "Kaka, tsoro kake ji." Ya ce zai zo.

Ya zo da buhun tsummokara, kayan jikinsa sun sha guga kamar mai zuwa neman aiki. Da hannunsa ya taɓa ruwa sai bakinsa ya buɗe. Ya cire tsatsa da gishiri da lemon tsami. Ya shafa ƙwai a ƙyalle biyu, ɗaya ya sa a ruwan sanyi ya fita, ɗaya a ruwan zafi ya kama ƙam. Wata yarinya ta kawo ɗankwalin da rinin gashi ya ɓata, ya jujjuya shi ya ce wannan sai haƙuri.

A hanyar fita ya tsayar da malamar. "Shi ƙwan nan, me ya sa zafi ke kama shi?"

Ta ɗauko masa wani siririn littafi, aka yi wa Aku kati ta ara. Sauran hutun, yana guga tana zaune kan ƙunshin kaya tana karanta masa. In ta ci karo da doguwar kalma sai ta tsallake, shi kuwa ya ɗaga dutsen guga ya ce, "Koma baya, kin haɗiye wani abu."