Layi Biyar a Bayan Abraham

Abraham zabiya ne, manomin auduga a Tsiga, kuma dattijon coci mai son a ji muryarsa. Duk lokacin noma sai wuyansa da hannayensa su yi jajur, fatar ta riƙa salewa. A shekarar 1984 man kare rana da wata nas ta mishan ke kawo masa ya daina zuwa, wanda ya sayo a wani kyamis a Funtuwa kuwa ya feso masa ƙuraje har bayan kunne.

Matarsa Liatu ta gaji da mita. Sana'arta man kaɗe, kuma ba ta ga abin da Turawa za su ɗura a kwalba ya gagari tukunyarta ba. Ta kwaɓa man kaɗen kashi biyar, kowanne da mahaɗinsa: lalle, gangamau, ganyen zogale, ɓawon maɗaci da man riɗi.

Abraham ya ce a fara gwadawa a jikin akuya. Liatu ta ce akuya ba ta taɓa kawo mata ƙarar rana ba. Ta sa ya tuɓe riga, ta ja masa layi biyar a gadon baya, ta bar gefe guda ba mai don ta kwatanta, ta tura shi gona.

Kafin hantsi mata masu kai abinci sun fara sauya hanya don su bi ta gonarsa. Maƙwabcinsa Mati ya dogara da fartanya ya daɗe yana kallo.

"Malam Abraham, tutar wace ƙasa ce wannan?"

Da la'asar Liatu ta duba. Layin lalle ba a gane rini da ƙuna. Zogale ya tara ƙudaje, maɗaci ya sa shi susa, gangamau ya mai da shi ɗorawa. Na riɗin ne kaɗai ya ɗan fi gefen da ta bari kyan gani.

Kwana uku Abraham yana kwanciya rub da ciki. Ran Lahadi ya tashi yin wa'azi, gangamau ya ɓullo ta bayan farar rigarsa. Ya karanta labarin Ayuba, ya daɗe a kan muguwar shawarar da matar Ayuba ta ba mijinta yana kallon bencin mata. Liatu ta fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Ta riƙe na riɗin, ta saya masa malfa mai faɗi, ta sa tela ya ɗinka masa riga mai dogon hannu. Ƙunar ta ragu sosai.

Bayan kaka wata mata, Tasalla, ta zo daga Kafur neman man, don 'yarta ma zabiya ce. Abraham ya tare ta a ƙofa ya bayyana mata cewa dabarar tasa ce tun farko. Liatu ta bari ya gama, ta cika wa baƙuwar gwangwani, ta raka ta bakin hanya.

"Man yana taimakawa kaɗan," in ji ta. "Amma ki samo mata malfa, kuma kada ki bari ta fita da tsakar rana."

Tasalla ta aiko da daddawa cike da ƙwarya, Abraham ya ce tasa ce.