Kububuwa a Gonar Zinariya

Sabuwa na tallabe da kan Zinariya a cinyarta lokacin da amalanken jaki ya tsaya a ƙofar ɗakin magani. Kububuwa ce ta sari tsohuwar da hantsi, tana cikin noman gero. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, jini na tsatsowa daga dasashinta.

Shekara ashirin katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Zinariya ce ungozomar garin, ita ta karɓi haihuwar Sabuwa duka bakwai.

Malam Ishaku, ma'aikacin da ekilisiya ta ajiye a wurin, ya fito da gudu. Kirista ne, amma tun da masu bi suka gina ɗakin, kowa a garin gunsa yake zuwa. Ya duba saran, ya shiga ciki ya daɗe. Da Sabuwa ta bi shi, ta tarar da shi tsaye gaban firijin magani a buɗe. Ya ce kananzir ɗin da firijin ke aiki da shi ya ƙare sati uku ke nan, ruwa ya yanke hanyar Madawa, motar mishan ba ta iso ba. Allurar dafin tana nan, amma zafi ya taɓa ta.

"Yi mata hakanan," in ji Sabuwa.

Ya yi mata. Maza suka gwada ƙetare koramar da ta yanke hanyar da amalanke don kai ta asibiti, ruwa ya kai wa jakin wuya, suka komo da ita.

Washegari bayan azahar Zinariya ta buɗe ido, ta sa aka kira shi.

"Ishaku, ɗana, bar kuka, ba kai ka yi ba. Cikin Furera matar Halidu, ɗan a gicciye yake. Ruwa na janyewa ka kai ta asibiti, kada ku jira naƙuda."

Ya ce ya ji. Ba ta kai la'asar ba.

Da aka jera sahu don yi mata salla, Ishaku ya tsaya can gefe ƙarƙashin bishiyar bedi, ya cire takalmansa, laka har gwiwa, don da shi aka haƙa kabarin.

Da yamma Sabuwa ta ji kukan akuyar Zinariya ta bayan katanga. Ta zagaya, ta tarar da ita ɗaure a turke, hantsarta ta cika tun jiya. Ta ɗauko ƙwarya, ta durƙusa, ta fara tatsa.